Teburin Kassoum

Jumma'a, 25 ga Nuwamba 1977, bayan la'asar

Sun tafi da Kassoum yau. Ga shi na rubuta, ko zan yarda.

Kamar kowace Jumma'a, ladan na yin kira layinmu ya fara watsewa. Tsoho Idi mai goro ya rufe kwandonsa da buhu ya ce, Ishaku ga amana. Alassane mai takalma ya faɗi haka. Kassoum ya lulluɓe naman da ya rage, ya soke wuƙarsa a jikin katako, ya ce, Limamin Lahadi, a kori ƙudaje, kada su yi jam'i a kan cinyar nan. Haka yake kirana tun ranar da ya gane ni Kirista ne. Ni kaɗai ne Kirista a layin nan na Zongo, shi ya sa ni ke tsaron tebura in sun tafi masallaci. Shekaru ke nan ana haka, ko allura ba ta taɓa ɓata ba.

Ina cikin gyaran wata rediyo sai ga 'yan kwamitin unguwa, da jan ƙyalle ɗaure a damtse. Ko sallama babu. Suka tambaya ko nan ne teburin mahaucin da ke saukar da baƙi. Na ce nan ne. Suka zauna a bencina, wanda ni da shi muke shan shayi a kai, suka jira. Da na so, da na zagaya ta bayan shagon tela na tare shi a ƙofar masallaci. Hanyar ba ta da nisa. Na ci gaba da gyaran rediyo.

Ya dawo da dardumarsa a kafaɗa. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, don shi ko gobara ake yi ba ya fasa gaisuwa. Suka ce ya biyo su. Ya waiwayo ya ce mini, "Kai wa Raïmatou naman nan kada ya lalace."

Na kai. Ban iya haɗa ido da matarsa ba, a zaure na ajiye na yi sallama na juyo.

Asabar, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Sharar unguwa. Kowa da tsintsiyarsa, ba mai magana.

Tun abin da ya faru a watan Janairu, da jirgin saman nan ya sauka a Kwatano da 'yan bindiga don su kifar da gwamnati, aka ce duk wanda ya yi baƙo ya kai sunansa wurin kwamiti. Yo mu a Zongo ina muka san wannan? Mutum ya sauko daga mota, ya yi sallama da Hausa, sai a shimfiɗa masa tabarma a ba shi tuwo. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya kwana uku, in bai faɗa ba ma a ƙyale shi. Haka uban Kassoum ya yi a Tawa, haka Kassoum ke yi a nan. Ni kaina da na zo Kwatano daga garinmu Tsibiri da ƙullin kayana, a zaurensa na fara kwana, bai tambaye ni ko ina sallah ba.

Baƙon nan na ƙarshe dogo ne, mai tari. Ya zo gab da Sallah, ya tafi bayanta. Ban san ko wane ne ba, har yanzu ba wanda ya faɗi abin da ake zarginsa da shi. Ya dai kawo mini wata babbar rediyo mai kamo tashoshin nesa na gyara masa. Wannan ba wanda ya sani sai ni da Kassoum.

Lahadi, 27 ga Nuwamba, bayan an tashi majami'a

Komlan ya dafa kafaɗata a ƙofa. Shi ke ja mana waƙa, shi ne kuma mai yi wa kwamiti rubutu. Ya ce ɗan'uwa kada ka damu, sunanka bai fito ba. Ya ce in zo buvet, gidan giya, da yamma in ɗan saki jiki. Na ce kaina na ciwo.

Ba zan rubuta maganar ranar Laraba ba.

Litinin, 28 ga Nuwamba, da safe

Naman layyar da Kassoum ya aiko mini na nan a tukunya, soyayye. Na buɗe na rufe.

Talata, 29 ga Nuwamba, gab da magariba

An yi taron unguwa a filin lakwal, makarantar boko. Aka yi ta ɗaga hannu ana amsa kirarin juyin juya hali har muryoyi suka dushe. Sai delege, shugaban unguwa, ya ce, kamarad Ishaku, kai ke tsaron teburin mutumin nan, ka fi kowa saninsa, tashi ka gaya wa jama'a. Na tashi. Komlan na zaune gefensa da biro, ya ɗan girgiza mini kai.

Na ba da amsa. Aka ce in zauna. Tsoho Idi ya tofar da goron bakinsa, ya ɗauki takalmansa ya fita tun ba a rufe taro ba.

Laraba, 30 ga Nuwamba, da sassafe

Zakaran nan zai haukata ni. Tun damina nake kiwonsa a bayan ɗaki saboda Kirsimati, ja ne, ya yi ƙiba, bai san komai ba sai cara. Yau na jefe shi da takalmi. Kowane ɗan majami'a ya san labarin almajirin da ya ce bai san Yesu ba, zakara ya yi masa cara, ba sai fasto ya tuna mini ba.

Abin da na ce jiya shi ne, "Maƙwabci ne kawai, kamarad. Gaisuwa ce tsakaninmu."

Gaisuwa. Tir da bakin nan.

Jumma'a, 2 ga Disamba, bayan azahar

Ladan ya yi kira. Alassane ya tattara takalmansa kaf ya zuba a buhu ya kulle a shagon tela. Tsoho Idi, da ciwon bayansa, ya ɗora kwandon goro a ka ya tafi da shi masallaci. Ta gabana ya wuce. Ba wanda ya ce ga amana.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina su je, dama ni ba ɗan gadinsu ba ne. Sai da layin ya yi tsit na gane kuka nake son yi.

Asabar, 3 ga Disamba, da yamma

Na je buvet. Ina zan je? Ɗaki ya yi mini faɗi, layi kuma ba mai amsa mini gaisuwa da baki biyu.

Ina son Komlan, ba zan yi ƙarya ba. Shi ya fara ce mini muryata ta isa waƙa. Shi ke ba ni dariya har cikina ya ƙulle. A teburinsu akwai malaman lakwal da ma'aikatan buro, wato ofis, suna Faransanci, suna tambayata ra'ayina kamar ni ma wani ne. A Zongo ni mai rediyo ne da ba ya sallah. A majami'a ni ɗan arewa ne mai warin kasuwa. Komlan ne ya ja mini kujera, ya ce a matsa wa injiniya.

Amma a teburin nan in kana son a saurare ka sai ka zo da labari. Su kuma ba labarin da suke so kamar na Zongo. Na lura da haka tun tuni, na kuma riƙa kai musu.

Yau ban kai ba. Na sha giyar sodabi ƙaramin kofi, na ƙara, na dawo.

Lahadi, 4 ga Disamba, da azahar

Ban je majami'a ba.

Litinin, 5 ga Disamba, bayan la'asar

Wani ya zo karɓar rediyonsa, ya ce har yanzu tana shashshaka. Na ce in ya fi ni iyawa ya buɗe shago. Ya ƙara magana, na jefar da turnabis, abin kwance noti, da ke hannuna, saura kaɗan ya same shi a ƙafa. Ya kwashi kayarsa ya tafi yana cewa dama an faɗa masa.

Rabona da irin wannan tun kafin matata Assibi ta rasu. Ni mai zuciya ne tun ina yaro, uwata ta gaji ta bar wa Allah. Kassoum ne ya yi maganin abin, ba da wa'azi ba. In ya ga na fara kumbura sai ya ƙwala mini kira daga teburinsa, wai in zo in riƙe masa ƙafar saniya ya sara. Kafin in gama riƙewa zuciyar ta sauka. A hankali na koyi tashi da kaina in je in tsaya wurinsa kafin in buɗe baki.

Da Assibi ta rasu kuwa, shi ya ɗauki gefe ɗaya na akwatin har ƙofar majami'a, ya tsaya waje cikin rana da hularsa a hannu har aka gama. Mutanensa suka yi ta surutu, ko a jikinsa. Bayan nan na kama sha kamar zan kashe kaina. Bai taɓa ce mini haramun ne ba. Kullum dai in an yi magariba sai ga shi da buta da gawayi, ya zauna a bencina ya dafa shayi, ya yi ta ja na da hirar shanu har lokacin buvet ya wuce. Da haka na bari.

Wannan ne mutumin da gaisuwa ce tsakaninmu.

Laraba, 7 ga Disamba, da hantsi

Fasto ya zo shago, wai rediyonsa ce ba ta kamawa. Lafiyarta lau, batir ya juya da gangan. Tsohon nan bai iya ƙarya ba.

Na zaci zai hana ni buvet, ko ya ce dama me ya haɗa ni da waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Bai ce ko ɗaya ba. Ya ce shi ba ya raba ni da Komlan, ba ya raba ni da Kassoum, dukansu Allah ya yi su. Ya ce in dai lura da wane Ishaku ne ke tashi daga kowane benci in an gama hira. Ya ce Yesu bai zaɓi abokai don sun fi kowa kirki ba, amma bai taɓa cewa bai san su ba. Sai ya tambaye ni wa ke kai wa Kassoum abinci.

Na ce ban sani ba. Ya ɗauki rediyonsa ya tafi, bai yi mini addu'a ba ma. Wannan ya fi zagi ciwo.

Alhamis, 8 ga Disamba, da yamma

Raïmatou ce ke kaiwa. Matar da ko kasuwa ba ta cika zuwa ba, yanzu kullum tana takawa da kwano a ka, a bar ta tsaye a rana.

Na kai mata gawayi. Na yi sallama a zaure, na yi niyyar ajiyewa in gudu, sai ta amsa daga bayan labule. Ta gaishe ni kamar ba komai, har da tambayar zakara. Sannan ta ce, "Malam Ishaku, sun ce in da wanda ba danginsa ba, ba kuma ɗan masallacinsu ba, da zai je ya tsaya masa ya ce ya san halinsa, za su duba."

Ba ta ce in je ba. Ta ce a gaida gida, alhali ta san ba kowa a gidan.

Jumma'a, 9 ga Disamba, bayan la'asar

Na gaya wa Komlan. Ya ja ni gefe, ya ce ko na haukace. Ya ce in na je za su tono maganar rediyon baƙon, ni kuma ɗan Nijar ne, takardar zama kawai ke riƙe da ni. Za su rufe shagon, wataƙila su haɗa ni da shi. Ya ce shi ya yi ta ƙoƙari kada sunana ya shiga, kada in watsa masa ƙasa a ido. Ya ce in bari abin ya lafa, irin wannan yakan lafa.

Na ce, ya aka yi ka san maganar rediyon? Ya dube ni ya ce, ɗan'uwa, ai kai ka faɗa.

To. Bari in rubuta ta Laraba, tunda ta ƙi barina.

Bayan Sallah ne, a buvet. Hira ta mutu, ni kuma na sha. Sai na ce bari in ba ku labarin mutanenmu. Na ce akwai mahaucin da ke saukar da mutum ya ci ya sha ya kwana, bai san ko sunansa ba. Na kwaikwayi muryar Kassoum yana gaida baƙo, na kwaikwayi tarin baƙon, na ce har da rediyo mai kamo ƙasashen Turawa. Suka yi ta dariya suna buga tebur. Na ji daɗi. Allah ya sani na ji daɗi. Akwai wani a ƙarshen tebur da ban sani ba, shi bai yi dariya ba.

Komlan ya rantse ba shi ya kai maganar ba. Na yarda da shi. Ba shi ya buɗe baki ba ai.

Asabar, 10 ga Disamba, da safe

Zan je Litinin.

Litinin, 12 ga Disamba, da azahar

Na sa rigar majami'a, na kai har bakin titi. Na ga motarsu ta wuce. Na dawo na buɗe shago.

Talata, 13 ga Disamba, da safe

Zakara.

Laraba, 14 ga Disamba, gab da magariba

Na yi addu'a, ba ta wuce rufin kwano ba. Na ce ya Ubangiji ka san ni matsoraci ne, ka aiko wani. Sai na tuna babu wani. Ni kaɗai ne a layin nan.

Da magariba na hura gawayi na ɗora buta, ban san na yi ba sai da na ga kofi biyu a benci. Na zauna ina tunanin in da ni aka kama, me Kassoum zai yi. Ba sai na yi dogon tunani ba. Zai rufe nama, ya wanke hannu, ya tafi ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙofarsu har su gaji da ganinsa. Ba zai tambayi kowa shawara ba.

Ni ban da irin zuciyarsa. Amma na daɗe ina kallon yadda yake yi, ko kwaikwayo ne na iya. Ai na nuna na iya kwaikwayonsa.

Alhamis, 15 ga Disamba, bayan magariba

Na je.

Na shiga buron da suke tsare da shi, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har mai gadin ƙofa. Aka kai ni wurin wani mai tabarau, na ce na zo tsaya wa Kassoum mahauci. Na faɗi yadda ya sauke ni ban da kowa, da yadda muke yi wa baƙo a Zongo, da cewa bai san komai game da mutumin ba don ba a tambaya. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba kai ne ka ce a taro gaisuwa ce kawai tsakaninku ba?

Na ce, "Ƙarya na yi. Abokina ne. Ba ni da kamarsa."

Ya ce to rediyon fa? Na ce ni na gyara, Kassoum ko kunna ta bai iya ba.

Suka ajiye ni a wani benci har rana ta faɗi. Sun karɓe takardar zamana, sun ce sai sun neme ni. Sun biyo ni shago sun kwashe akwatin kayan aikina, sun ce kada in buɗe. Da zan fito mai tabarau ya ce, ba da mugunta ba, da tun makon farko ka zo da wata magana ce, yanzu an riga an sa hannu. Na ce hannu a kan me? Ya ce in tafi gida.

Na ci naman layyar nan yau. Ya ɗan bushe, amma bai lalace ba.

Lahadi, 18 ga Disamba, bayan majami'a

Komlan bai dube ni ba. Da na tsaya a layin mawaƙa ya matsa ya bar tazara tsakaninmu. Ban ji haushinsa ba, yana da 'ya'ya. Da na dawo na tarar da ƙarfen dalmata da turnabis biyu ƙunshe a jarida a bakin taga. Na san hannun wanda ya ƙulla, na Komlan ne.

Talata, 20 ga Disamba, da hantsi

Ba shago, ba buvet, ba shayi. Na taka har bakin teku na dawo. Ban yi magana da kowa ba yau sai mai ƙosai.

Alhamis, 22 ga Disamba, da la'asar

Alassane ya tsaya a ƙofata, karo na farko tun ranar taro. Bai shigo ba. Ya ce za a saki Kassoum gobe, amma an ce ya bar ƙasar, shi da iyalinsa, kafin Talata. Hannun da aka sa ke nan.

Ya juya zai tafi, ya ce an ji ka je.

Jumma'a, 23 ga Disamba, bayan azahar

Ya dawo. Na ji hayaniya a ƙofar gidansa, mata na barka. Ban fita ba.

Jibi Kirsimati. Kowace shekara Kassoum ke yanka mini, don in ni na yanka ba wanda zai ci a layin nan. Shi zai yanka, in dafa shinkafa, in raba kwano kwano, kowa ya ci ya ce Limamin Lahadi a yi biki lafiya. Ba ni da wani bikin sai wannan. Bana na ce zan sake zakaran ya ƙara gaba, ko in kai wa fasto.

Asabar, 24 ga Disamba, da hantsi

Ina zaune sai na ji sallama. Shi ne, da Alassane a bayansa. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Wuƙar na hannunsa, naɗe a tsumma.

Ya ce, "Limamin Lahadi, ina zakaran? Ko ka cinye shi da gashinsa?"

Na kamo shi. Muka je bayan ɗaki inda muka saba. Na taka fikafikai na riƙe ƙafafu, ya daidaita shi gabas. Ya ce wa Alassane ya matso ya gani, wai hannun mutumin nan rawa yake yi, sai ka yi masa haƙuri, kuma ya fi son a yanka da hantsi kafin rana ta yi zafi. Ya ce baɗi kai ne. Alassane ya ce to. Ya yi bisimilla ya yanka.

Da Alassane ya tafi ɗebo ruwa na ce, Kassoum, maganar ranar taro. Ya ce an gaya masa, an kuma gaya masa ta buro, shi ke nan, tsoro halitta ne. Yana goge wuƙa yana murmushi. Da na ja bakina na tsuke da mun rabu haka.

Na ce, da ta Laraba fa? Ya ce wace Laraba?

Ashe bai sani ba. Ba wanda ya sani a Zongo. Na gaya masa duka, da buvet, da muryarsa da na kwaikwaya, da mutumin ƙarshen tebur. Ya daina goge wuƙar. Ya daɗe yana kallon jinin da ke ƙasa.

Ya ce, "Dariya suka yi?"

Na ce sun yi.

Ya ce, "To."

Ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe jinin. Ya ce, Ishaku, kawo ruwan zafi kada ya sandare. Ya taya ni figewa har muka gama. Ya ɗauki kai da ƙafafu, rabonsa na kullum, ya naɗe wuƙarsa ya tafi. Bai ƙara kirana Limamin Lahadi ba.

Lahadi, 25 ga Disamba, da la'asar

Na raba abinci. Alassane ya karɓa. Tela ya karɓa. Na tsoho Idi ya dawo yadda na kai shi. Na gidan Kassoum ya dawo a wanke, da 'yar albasa a ciki, Raïmatou ba ta mayar da kwano fayau.

A majami'a an yi waƙar haihuwa, bakina kawai ke motsi.

Litinin, 26 ga Disamba, da safe

Na taya su ɗora kaya a motar Malanbil, ta bakin iyakar Nijar. Gado, tukwane, buhun tabarmin baƙi. Teburin ya yi nauyi, direba ya ƙi, aka bar shi a wurinsa.

Kassoum ya yi sallama da kowa hannu da hannu. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna ya ɗan jima. Ya ce, "Ishaku, ka bar shan abin nan. Ba mai dafa maka shayi yanzu, sai ka dafa da kanka."

Na ce ka yafe mini. Ya ce ya yafe tun jiya, amma abin na nan a ƙirjinsa, kada in ce ya yi mini ƙarya. Ya hau. Motar ta tashi, bai leƙo ba.

Laraba, 28 ga Disamba, da magariba

Na dafa. Ya yi ɗaci, ban san yawan ganyen da yake sawa ba.

Jumma'a, 30 ga Disamba, bayan azahar

Shago na rufe, amma na fito da benci na zauna. Ladan ya yi kira. Tsoho Idi ya ɗora kwandonsa a ka ya wuce. Alassane ya fara zuba takalma a buhu, sai ya tsaya, ya mayar da su kan tebur. Bai dube ni ba ya ce, ga amana.

Na ce Allah ya karɓa.

Layin ya yi tsit. Na duba takalman Alassane, ba abin da ya taɓa su. Amma yawanci teburin Kassoum nake kallo. Babu komai a kai sai sawun sara da ramin da yake soke wuƙa. Ƙudaje na sauka har yanzu, suna jin ƙanshin da ya shiga katakon. Na tashi na kore su, na koma na zauna, suka dawo, na sake tashi. Haka na yi ta yi har aka sauko daga masallaci.